Yadda Ake Kawar da Gashin Fuska da Rufe Inuwar Gemu Ba Tare da An Lalata Fata Ba

Bayan sallar Magariba wata ta ƙwanƙwasa min ƙofa, da takunkumi a fuskarta har ƙarƙashin ido, ga shi kuwa an daɗe da daina zancen korona a Kano. Sai da na sa sakata a ɗakin da nake yi wa mutane kwalliya sannan ta yarda ta cire shi. Haɓarta duk kuraje ne, wasu sun yi ruwa, wasu sun bushe sun bar baƙin tabo, ƙasan muƙamuƙinta kuma fata ta saɓule kamar an ɗiga mata tafasasshen ruwa. Ta ce, "Anti, jibi nake da taro, ki taimaka ki rufe min." Na ce, "Ƙanwata, me kika sa wa fuskar nan?" Ta ce hodar aski ce, ta bar ta kusan minti 20 wai don gashin ya fita tun daga saiwa.

Ban yi mata kwalliya ba. Na wanke wurin da ruwan sanyi, na shafa mata Vaseline, na ce ta tafi asibiti da safe. Ranta ya ɓaci, ni ma nawa ya ɓaci, amma babu fandeshan, wato man kwalliya mai launin fata, da zai zauna a kan ɗanyen rauni.

Masu zuwa wurina da damuwar gashin fuska iri uku ne. Akwai matan da ke fama da PCOS, matsalar ƙwan mace da ke rikita al'ada ta kuma fito da gashi a haɓa. Akwai iyayenmu da gashin ke fito musu bayan ɗaukewar al'ada. Akwai kuma waɗanda aka haifa da jikin namiji amma suke jin kansu mata, suke kuma son fuskarsu ta nuna hakan. Wasu kan kira su masu sauya jinsi, a unguwa kuma akan haɗa su duka a ce 'yan daudu. Ƙanwar nan tawa cikinsu take. Bayanin da ke tafe zai amfani kowa a cikin ukun nan, amma na fi karkata ga na ƙarshen, saboda gashinsu ya fi kauri da yawa, kuma ba su da wanda za su tambaya a fili. Duk wadda kike a cikinsu, da ke nake.

Fara sanin abin da ke fuskarki

Lokacin balaga, sinadarin maza, wato testosteron, yana mayar da siririn gashin fuska ya zama mai kauri, mai duhu, mai zurfin saiwa. Idan ya riga ya zama haka, ba ya komawa yadda yake don kansa. Gemu yana tsiro kusan santimita 1 a wata, shi ya sa wadda ta yi aski da asuba take jin kaushi kafin La'asar.

Duhun da kike gani a haɓa bayan aski abu uku ne suka haɗu. Akwai guntun gashin da ke ƙarƙashin fata, wanda ke ba wurin launin toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Akwai kurajen aski: gashinmu na baƙar fata murɗaɗɗe ne, idan aka yanke shi ƙasa sosai sai ya lanƙwashe ya soki fata ya koma ciki, jiki ya ɗauke shi kamar ƙaya. Sannan akwai tabon da kowane ƙurji ke bari, wanda a fatarmu yakan yi watanni bai goge ba. Kwalliya tana iya rufe launi. Tudu da kwari kuwa ba ta iya shafe su, ƙara fito da su ma take yi. Don haka rabin aikin rufe gemu tun a wajen aski ake yinsa.

Maganar da ake yi cewa aski na ƙara wa gashi kauri da yawa ba gaskiya ba ce. Tun 1928 wata masaniya a Amurka, Mildred Trotter, ta auna wannan ta ga babu abin da aski ke canzawa. Gashin da aka yanke bakinsa a datse yake, shi ya sa ake jin ya fi kaushi idan ya fara fitowa.

Kafin ki ci gaba ki yanke shawara ɗaya. Idan kina da niyyar yin leza, wato ƙona saiwar gashi da haske, nan da mako huɗu zuwa shida, to aski kawai za ki riƙa yi. Tugewa da matsefata ko halawa ko zare tana cire saiwar da hasken leza ke nema.

Aski

Kayan da kike buƙata kaɗan ne: reza mai mariƙi mai baki ɗaya ko biyu, man aski ko jel, ƙaramin tawul mai tsabta, ruwan ɗumi, man shafawa marar turare. Rezar nan mai baki huɗu ko biyar da ake tallatawa tana ɗaga gashi ta yanke shi ƙasa da fata. Tana ba da santsi, amma ga mai murɗaɗɗen gashi ita ce uwar kuraje. Rezarki taki ce ke kaɗai. Ciwon hanta da cutar HIV suna bin jini, kuma ɗan yanka ƙarami ya isa.

Da farko ki bar gashin ya yi kwana biyu, ki tsaya gaban madubi ki shafa shi da yatsa ki gane inda ya kwanta. A kunci yawanci ƙasa yake kallo. A wuya kuwa kowa da tasa, wani ya yi gefe, wani ya yi sama, wani ya yi kewaye kamar guguwa a ƙarƙashin muƙamuƙi. Sau ɗaya ake wannan karatun, amma mutane da yawa sun shekara goma suna aski ba su taɓa yinsa ba.

Ranar aski, ki wanke fuska da sabulu marar zafi. Sabulun salo yana wanke maiƙo sosai, sai dai yana busar da fata, musamman da hunturu, don haka kar ki mai da shi kumfar aski. Ki jiƙa tawul da ruwan ɗumi ki ɗora a haɓa da gashin baki na minti 3. Gashin da ya sha ruwa ya fi busasshe laushi nesa ba kusa ba. Idan bayan wanka ne da ruwan ɗumi, an riga an gama wannan. Sai ki shafa man aski ki bar shi minti ɗaya ko biyu.

Jan farko ki bi kwanciyar gashin, gajere-gajere, kina ɗauraye rezar bayan kowane ja biyu. Kar ki danna, kar ki ja fatar da ɗaya hannun don ta miƙe, domin da zarar kin saki, gashin zai nutse ciki. Ki sake shafa mai, ja na biyu ki gitta gashin, wato daga gefe. Ga mafi yawan mutane nan ya kamata a tsaya.

Na san mai kaurin gemu za ta ce ja biyu bai isa ba, har yanzu tana jin ƙaya a yatsa. Gaskiya ne. Ja na uku, wanda ake yi gaba da gaba da gashin, shi ne ke ba da santsin da kwalliya ke so, shi ne kuma ke kawo kuraje. Abin da nake gaya wa masu zuwa wurina shi ne su ajiye shi don ranar da ta zama dole, su yi shi a haɓa da saman leɓe kawai, sau ɗaya, da hannu sakwa-sakwa. Wuya kuwa a bar shi. Hijabi ko mayafi ko ɗankwali mai saukowa yana rufe wuya, kuma a nan ne kuraje suka fi muni suka fi barin tabo mai tudu.

Bayan kin gama ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki ɗan daddanna da tawul, ban da gogewa. Idan kin yanke, ki jiƙa alimun ki ɗora a wurin, jinin zai tsaya. Ki wanke shi bayan minti ɗaya don yana busarwa. Turare da spirit ba su da wuri a fuskar da aka aske yanzu. Ki shafa mai marar nauyi. Man kaɗanya yana da kyau da dare ko lokacin hunturu, amma a ƙarƙashin kwalliya yana sa komai ya zame. Ki canza reza bayan aski biyar zuwa bakwai, ko da zarar kin ji ta fara jan gashi maimakon yankansa, kuma kar ki bar ta a jiƙe a bayan gida.

Ranakun da ba za ki fita ba, ki hutar da fuskar. Idan kaushin ya dame ki, ki bi da ƙaramar kilifa wadda ke barin ɗan tsiro, ba ta taɓa fata.

Idan kurajen sun riga sun fito, magani na farko shi ne dakatar da reza, mako uku zuwa huɗu idan hali ya yi. Ki riƙa gasa wurin da tawul mai ɗumi safe da dare. Gashin da kika ga ya yi lanƙwasa a saman fata, ki ɗago bakinsa da allura mai tsabta ki bar shi, kar ki tuge, kar kuma ki haƙa neman wanda ba ki gani. A kemis akwai man wanke fuska mai salicylic acid kashi 2 cikin 100, ana amfani da shi da dare sau biyu ko uku a mako, yana buɗe bakin ramin gashi. Idan kurajen sun tara mugunya, ko suna taurara suna girma, wannan aikin likitan fata ne, kuma akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kurajen aski ciwo ne da likita ke gani kullum a fuskar maza da mata, ba sai kin ba da tarihin rayuwarki ba kafin a duba ki.

Hodar aski da man cire gashi

Hodar Magic da mayuka irin su Veet narkar da gashi suke yi. Amfaninsu shi ne ba sa barin baki mai kaifi, don haka kurajen sukan ragu. Illarsu kuma ita ce gashi da saman fata kusan abu ɗaya aka yi su da shi, abin da ya narkar da wannan zai ci wancan idan ya daɗe. Ki gwada a ɗan wuri ƙarƙashin kunne ki jira awa 24. Ki sa agogon waya, ki bi mintunan da aka rubuta a jikin gwangwanin, na hodar Magic biyar zuwa bakwai ne. Ki kankare da bayan cokali ko katin roba, ki wanke da ruwa mai yawa ba sabulu. Idan kin ji raɗaɗi tun lokaci bai cika ba, ki wanke nan take. Kar ki haɗa ta da reza a rana ɗaya, ki bar kwana biyu tsakani. Man da aka yi don ƙafa ko hammata kuma ba na fuska ba ne.

Halawa, zare da matsefata

Duk wadda ta taɓa zuwa gyaran jiki na amare ta san halawa, wadda ta zo mana ta hannun mutanen Maiduguri da Sudan tare da dilka. Kofi 2 na sukari, rubu'in kofi na ruwan lemun tsami, rubu'in kofi na ruwa, a dafa a ƙaramar wuta har ta yi launin zuma, a bari ta huce yadda hannu zai iya ɗauka. Ana shafa ta gaba da kwanciyar gashi, a fizge ta bi kwanciyarsa. Gashin sai ya kai tsawon ƙwayar shinkafa kafin ta kama. Ga mace mai siririn gashi a saje ko saman leɓe, halawa da zare suna ba da hutun mako biyu zuwa huɗu.

Ga cikakken gemu kuwa, ban yarda ba, kuma da idona na koyi wannan. Shekarar da na fara sana'a, wata ta matsa min sai na yi mata halawa a haɓa. Fizga ta farko na ga ɗigo-ɗigon jini a kowane rami, kamar an yayyafa barkono a kan tuwo. Ta cije leɓe ta ce in ci gaba, na ƙi. Bayan mako biyu wurin da na fizga ɗin nan kaɗai ya cika da kuraje, tabon ya kusa shekara. Saiwar gemu tana da zurfi da ƙarfi, rabin gashin karyewa yake a ciki maimakon ya fita. Ga kuma wahalar barin gashi ya yi tsawo kwana da kwanaki kafin a yi.

Matsefata ta dace da mai gashi goma ko ashirin a haɓa, shi ke nan.

Sai man bilicin, wanda dole in tsaya a kansa. Da yawa suna ganin duhun haɓa sai su nufi kasuwar Sabon Gari ko masu haɗin mai a intanet. Fata idan ta yi haske, baƙin gashin da ke ƙarƙashinta ƙara bayyana yake yi. Bayan haka, yawancin haɗe-haɗen nan akwai sinadarin steroid a ciki, irin su clobetasol, wanda ke sirantar da fata, ya kawo kuraje, kuma shi da kansa yana fito da gashi a fuska. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Tabon aski yana gogewa da haƙuri, da daina jawo sabo, da man kariya daga rana mai lamba 30 ko fiye. Baƙar fata ma tana buƙatarsa, don ranar Kano ita ke daɗa ƙona tabo ya yi duhu.

Rufewa

Ki bar aƙalla minti 20 tsakanin aski da kwalliya, fata ta lafa. Idan mai salla ce ke, ki yi alwala kafin ki fara. Ki zauna inda hasken rana ke shigowa, kusa da taga, domin kwalliyar da aka yi a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki takan ba mutum kunya a waje.

Ki shafa mai kaɗan, sannan man kariya daga rana, ki jira su shige. Sai firaima, wato man shimfiɗa da ake sawa kafin kwalliya, mai hana maiƙo, a haɓa da saman leɓe, gwargwadon ƙwayar wake.

Yanzu ga sirrin aikin. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗora kwansila, wato man ɓoye tabo, mai haske kai tsaye a kan inuwar gemu. Haske a kan shuɗi-shuɗi toka yake bayarwa, sai haɓa ta fito kamar an shafa mata toka, kowa ya kalli wurin. Launin da ke kashe shuɗi shi ne ruwan goro. Fara ko mai haske ta nemi ruwan goro mai sauƙi, wankan tarwaɗa ta nemi ruwan goro sosai, baƙa kuma ta nemi wanda ya kusa ja kamar jan bulo. L.A. Girl Pro Conceal suna da irin wannan, kuma ana samunsa a shagunan kayan kwalliya, sai dai jabu ya yi yawa, ki saya a inda kika yarda da su. Idan babu, janbaki marar ƙyalli mai wannan launin yana yin aikin. Na daɗe da shi nake yi kafin in san akwai na musamman.

Ki ɗebo kaɗan a bayan hannunki, ki ɗauka da yatsa ko ƙaramin soso, ki riƙa daddannawa a inda inuwar take kawai: saman leɓe, ƙasan leɓe, haɓa, layin muƙamuƙi, saje. Daddannawa ake yi, ba a ja, domin ja yana tara launi a gindin kowane gashi ya fito da shi ɗigo-ɗigo. Za ki san ya isa idan shuɗin ya ɓace wurin ya koma ja-ja kaɗan kamar kin sha rana. Idan kika ga kanki kamar kin ci manja kin goge a haɓa, ya yi yawa, ki ɗauke da soso mai ɗanshi. Gefen wurin ki baje shi ya narke cikin fata. Sai ki ɗora hoda marar launi 'yar kaɗan ki jira minti ɗaya. Wannan hodar ita ke hana jan ya gauraya da fandeshan ya mai da fuskar gaba ɗaya ruwan goro.

Fandeshan ya zama daidai launin fatarki, ki gwada shi a muƙamuƙi, kar a bayan hannu. Kamfanonin gida irin su Zaron da House of Tara suna da launukan da suka dace da mu. Ki jiƙa soso ki matse shi sosai, ki daddanna fandeshan siriri a duk fuska har zuwa wuya. Ki ja da baya taku biyu daga madubi ki duba. Inda inuwa ta leƙo, yawanci kusurwar leɓe da tsakiyar haɓa, nan kaɗai za ki ƙara shafi na biyu, ko kwansila mai kauri wanda launinsa ya yi daidai da fandeshan. Shafi siriri sau biyu ya fi mai kauri sau ɗaya daɗewa, kuma ba ya tsagewa idan kina magana ko dariya.

Ki danna hoda da soso a wurin gemun, ki bar ta minti 3 zuwa 5, ki kaɗe da buroshi kina bin kwanciyar gashi. Duk abu mai ƙyalli ki nisanta shi daga haɓa, ƙyalli yana nuna kowane tudu. Duhun da ake sawa a ƙasan kunci don fito da siffar fuska ma ki yi hankali da shi, idan mai toka-toka ne zai dawo miki da gemun da kika gama rufewa. Ki zaɓi mai ɗumi, ruwan ƙasa mai ja-ja. Sauran ƙarfinki ki kai shi sama: gira, kwalli, gazal, ɗan ja a kumatu. Ido idan ya yi kyau nan ake kallo. Janbaki kuma mai ɗumi ya fi, shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda mai sanyi yana tono inuwar saman leɓe. Daga ƙarshe ki fesa ruwan riƙe kwalliya.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano yana haura digiri 40, kuma saman leɓe ne ke fara zufa. Ki riƙe tishu a jaka, ki ɗora ki ɗaga, kar ki goge, sannan ki ƙara hoda kaɗan. A cikin adaidaita sahu ki kula da bakin hijabi ko takunkumi, gogarsu tana cinye kwalliyar haɓa. Da hunturu matsalar ta juya: fata tana bushewa, hoda ta kama ɓawo, don haka ki ƙara mai ki rage hoda. Kwalliya mai kauri tana hana ruwan alwala taɓa fata, shi ya sa da yawa suke tsara fitarsu tsakanin salla da salla, ko su riƙe 'yar jaka mai jan launin nan da fandeshan da hoda don sabuntawa. Mai kaurin gemu ta sani cewa bayan awa takwas zuwa goma tsiro zai fara huda kwalliyar. Ƙara fandeshan a kai ba ya gyarawa. Idan taron dare ne, ki jinkirta askin zuwa yamma.

Komai gajiya, ki wanke kafin ki kwanta. Ki fara narkar da kwalliyar da mai ko ruwan goge kwalliya a auduga, sannan sabulu. Soso da buroshi a wanke su duk mako.

Hanyoyin da ke daɗewa

Leza haske ne da ke bin baƙin launin gashi ya ƙona saiwarsa. Matsalarmu ita ce fatarmu ma tana da wannan launin, don haka na'urar da ba ta dace ba fatar za ta ƙona. Wadda ta fi aminci ga baƙar fata ita ce Nd:YAG, mai lamba 1064. Ki riƙe sunan nan, ki tambaya da bakinki, ki ce a nuna miki a jikin na'urar. Na ga wadda aka yi wa aiki da IPL, wata na'urar haske da ba leza ba ce, a wani shagon gyaran jiki, ta dawo da zane-zanen ƙuna murabba'i a kumatu, kowanne daidai bakin na'urar. Ƙananan na'urorin IPL na gida da ake tallatawa a Instagram ma ba don launinmu aka yi yawancinsu ba. Wuraren da ke da na'urar kirki sun fi yawa a Abuja da Legas, don haka ki haɗa da kuɗin mota a lissafinki.

Gashi ba ya tsiro lokaci ɗaya, wani na girma wani na hutawa, kuma mai girma kaɗai leza ke kashewa. Shi ya sa ake komawa duk mako huɗu zuwa shida, sau shida zuwa takwas, cikakken gemu kuma yakan wuce haka. Ki daina tugewa da halawa mako huɗu zuwa shida kafin zuwa, ki yi aski ana gobe, ki daina duk wani man bilicin, ki nemi a gwada a ƙaramin wuri tukuna. Bayan an yi, gashin zai riƙa zubewa cikin mako ɗaya zuwa uku. Leza tana rage gashi sosai, tana kuma maganin kurajen aski, amma ba ta ganin furfura, kuma wasu sukan buƙaci komawa jefi-jefi.

Allurar lantarki ita ce ake zura siririyar allura a ramin kowane gashi a kashe saiwar. Tsohuwar hanya ce, wani likitan ido a Amurka, Charles Michel, ya fara ta a 1875 don gashin ido mai shiga ciki. Ita ce hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta amince a kira mai cire gashi har abada, kuma tana aiki a kan furfura. Amma ɗaya bayan ɗaya ake bi, cikakken gemu yana iya cin sama da awa 100. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a fara da leza, a ƙarasa ragowar da allura. Idan jikinki mai yin tabo mai tudu ne, irin wanda ke fitowa bayan hujin kunne, ki faɗa tun kafin a taɓa ki.

Game da magunguna: masu shan sinadarin mata da masu rage na maza su sani cewa gashin jiki yana raguwa, na fuska kuma yana rage saurin tsiro ne kawai bayan watanni, ba ya ɓacewa. Ƙara yawan ƙwaya ba zai cire gemu ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne masu sayen ƙwayar tsarin iyali a kemis suna sha biyu-biyu, uku-uku. Sinadarin ethinylestradiol da ke cikinta yana iya daskarar da jini a jijiya, kuma hatsarin ya fi ga mai shan sigari. Spironolactone, wanda likitoci ke ba masu PCOS ma, yana sa yawan fitsari, yana saukar da hawan jini, yana ɗaga sinadarin potassium, don haka sai da gwajin jini; ki tuna da zafinmu da kuma azumi. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta shansa. Akwai man shafawa mai suna eflornithine da ke rage saurin tsiro, ana ganin aikinsa bayan mako huɗu zuwa takwas, gashin kuma yana dawowa idan an daina. Mace da gashi ya taso mata farat ɗaya cikin 'yan watanni, murya ta yi kauri, al'ada ta tsaya, ta je asibiti da gaggawa kafin ta nemi mai kwalliya.

Saura magana ɗaya wadda ba ta reza ba ce. A garin nan ana kama mutane kan shiga da kwalliya, akwai kuma masu neman hoton mutum don su riƙa tatsar kuɗinsa da barazanar tona asiri. Masu kwalliya da yawa al'adarsu ce su ɗauki hoton kafin da na bayan aiki su sa a shafinsu, wasu ba sa ma tambaya. Kafin ki zauna a kujerar kowa, ki ce mata, "Yaya, ba na son hoto ko bidiyo, ko na haɓa kaɗai." Ki lura inda ta ajiye wayarta da wanda ke shigowa ɗakin. Idan ta yi gardama, ki ɗauki jakarki. Matakan nan duka kina iya koyonsu ke kaɗai a ɗakinki da madubi da hasken taga. Ki fara gwadawa a ranar da ba inda za ki, ki bar kwalliyar ta wuni a fuskarki, ki duba ta da Azahar, ki sake dubawa da Magariba, ki ga ta ina take fara tsagewa.